Yadda muka daidaita saitin ƙarfe na bindigar .22 a mita 50

Bindigar da muka yi wa aikin ta wasan harbi ce, mai cin harsashi .22, irin wadda ake jan sakatarta a fitar da kwanso bayan kowane harbi. Babu madubi a kanta, saitin ƙarfe ne zalla. A gaba akwai ɗan tsinke a tsaye kusa da baki. A baya kuma wani ɗan faranti ne mai tsaga, yana zaune cikin gurbin da aka yanka a gicciye a kan bututun. Ƙarƙashin farantin akwai siririn ƙarfe mai hawa-hawa, in ka tura shi tsagar ta ɗaga, in ka janye ta sauka. Hagu da dama kuwa babu abin murɗawa, sai an buga. Mai bindigar matashi ne da riƙonsa ba laifi, kuma kukansa ɗaya: duk yadda ya saita, harsashi hagu yake tafiya, ya kuma yi ƙasa.

Maganar takardar lasisi ita ce farko, domin a kanta ake shiga fili. A dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, bindigar wasa irin wannan, har ma da bindigar iska, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙe ta, harsashin ma mai lasisi kaɗai ke da ikon mallakarsa. Aikin kuma a filin harbi na hukuma ake yin sa, mai tudun ƙasa a bayan allon da ake harbi da jami'in da ke ba da izini. Kada ƙanƙantar .22 ta ruɗi kowa. Harsashinta yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, a Kano kuwa yanzu da wuya ka sami fegin da ka miƙa hannu kilomita ɗaya da rabi ba ka taɓa gida ko gona ko makiyayi ba. Bayan gari ba filin gwaji ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Buhunan yashi biyu, babba na gaba da ƙarami na ƙarƙashin gindin bindiga. Tela ya ɗinka su da yadin kaki mai kauri, aka cika da yashin rafi busasshe, ba a ɗura ya yi tauri ba, don bindiga ta sami wurin kwanciya. Sai tef na awon fili, rula ta ƙarfe mai milimita, fensir, ƙaramar guduma, ɗan sandan tagulla mai kaurin fensir da aka goge bakinsa ya yi lebur, sukuddireban da bakinsa ya cika tsagar notin bindigar, da ma'aunin nan mai muƙamuƙi da masu juyin ƙarfe ke auna kauri da shi. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari zai haɗa yawancinsu a yini guda. Sandan tagullar ne ba na yarda a musanya shi da ƙusa ko kurfi. Tagulla ta fi ƙarfen bindiga laushi, ita ke lotsewa ta bar saitin lafiya, tabon da take bari kuma da ɗan mai yake gogewa. Ƙusa kuwa tana tauna gefen gurbin, kuma wannan taunar ba ta gyaruwa.

Harsashi iri ɗaya muka ɗauka, daga kwali ɗaya, mai nauyin giram 2.6, wanda ake rubuta 40 gr a jikin kwalinsa, mai matsakaicin gudu, wajen mita 325 a daƙiƙa. Akwai mai saurin da ke kai wa mita 380. Mutane suna son sa don ƙararsa, amma yana fita da gudun da ya fi na sauti, wanda yake wajen mita 343 a daƙiƙa, sannan ya faɗo ƙasa da shi a kan hanya, kuma iskar gefe ta fi ture shi a kan mai matsakaicin gudun, ko da yake hankali ba ya saurin karɓar haka. Shi ya sa masu gasa ba sa amfani da shi. Ko wanne mutum ya zaɓa, abin da ya kamata ya riƙe shi ne saiti na harsashi ɗaya ne. Ka daidaita da wannan, gobe ka zuba wancan, aikin ya tashi.

Tun kafin a ɗora harsashi na fara da notin da ke haɗa ƙarfen bindigar da katakonta. Lokacin hunturu ne, kuma duk kafintan Kano ya san abin da hunturu ke yi wa katako: yana tsotse shi ya motse, damina ta zo ya kumbura. Notin gaba ya saki har sai da ya ci kusan rubu'in juyi kafin ya kama. Bindigar da ƙarfenta ke motsi cikin katako ba ta zuba harsashi wuri ɗaya, kuma babu bugun saitin da zai magance wannan. A ɗaure su daidai wa daida, kaɗan nan kaɗan can, a tsaya da sun kama sosai. Wanda ya danne da ƙarfinsa duka zai murƙushe katakon. Na girgiza saitin gaba da na baya da yatsa, babu mai motsi. Na cire sakata na duba cikin bututun ta haske, babu ƙura, babu mai da ya taru. Daga nan na goge tsinken gaba da ƙyalle, na kunna kyandir na bi ta ƙarƙashinsa har hayaƙin ya mayar da shi baƙi ƙirin marar sheƙi. Dalilin wannan zai zo.

Sai awon da yawancin mutane ke tsallakewa, alhali duk lissafin a kansa yake: tazarar da ke tsakanin tsagar baya da tsinken gaba. A wannan bindigar milimita 520 ne. Na rubuta a saman takarda. Nisan allo ma da tef muka auna, mita 25 cif, ba da taku ba. Wasu tsofaffin filaye da yadi aka auna su, kuma yadi 50 mita 45.7 ne, don haka a tambaya.

Me ya sa 25, alhali a 50 ake son saitin? Don a tabbatar harsashi ya sami takarda. Kuskuren da ya kai santimita 10 a mita 25 zai zama 20 a mita 50, ya fita daga takardar, ka zauna kana harbi ba ka san inda yake zuwa ba. Mun manna farar takarda mai faɗi, muka zana baƙin da'ira mai faɗin santimita 6 a tsakiya. Ta mita 50 kuma santimita 12, don ido ya gan su girma ɗaya. Na kwantar da bindigar a kan buhuna ba sakata, na leƙa ta cikin bututun har baƙin ya zauna a tsakiyar ramin, sannan ba tare da na taɓa ta ba na ɗaga kai na duba saitin. Yana kallon kusa da baƙin, ɗan dama da shi. Wannan ya isa a san za a sami takarda, ya kuma yi daidai da kukan mai ita.

Akwai shawarar da ake yankewa kafin harbin farko: ina za a ɗora tsinken, ina kuma ake son harsashi ya faɗa? Baƙin tsinke a cikin baƙin da'ira ɓacewa yake yi, ido ba ya gane inda kansa ya tsaya. Don haka a gindin da'irar muke ɗora shi, wurin da ƙarfe shida take a fuskar agogo, da'irar ta zauna a kan tsinken da ɗan siririn fari a tsakani. Masu gasa suna daidaita saitin yadda in sun ɗora a nan harsashi zai hau tsakiyar baƙin. Wannan yana da kyau in kullum allo ɗaya ne a nisa ɗaya, kamar allon gasar mita 50 da baƙinsa yake milimita 112.4. In girman baƙin ya canza, lissafin ya canza. Mu mun zaɓi harsashi ya faɗa daidai kan tsinken a mita 50, saboda haka duk awonmu daga gindin da'irar yake farawa.

Matashin ne ya zauna, tunda bindigarsa ce kuma idonsa za ta yi wa aiki. Yadda mutum biyu ke ganin tsinke cikin tsaga yakan ɗan bambanta, don haka mai bindiga shi ke harbin daidaitawa. Da jami'in fili ya ba da izini, kowa ya sa abin toshe kunne da tabarau, ya fara da harsashi goma a wata takarda daban. Bututun .22 da aka wanke yana bukatar ya sake ɗaukar man da ke jikin harsashi kafin ya natsu, na farkon sukan yi yawo. Waɗannan ba a ƙirga su.

Da ya koma takardar gaske ya saki na farko, rami ya fito hagu. Ya juyo.

"Malam, ka gani ko? Hagu take. A buga ta."

"Cika biyar tukuna."

A nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Rami ɗaya ba ya faɗar komai game da saiti. Cikinsa akwai halin harsashin, da numfashin mai harbi, da yatsansa, da iska. Wanda ya buga saiti saboda rami ɗaya, na biyu zai fito wani wuri, ya sake bugawa, a haka kwali ya ƙare bai san inda bindigarsa take kai wa ba. Gungu ake karantawa. Uku sun yi kaɗan, domin sa'a tana iya haɗa su. Biyar ne mafi ƙaranci, goma a ƙarshe don tabbatarwa.

Biyar ɗin farko sun fito a jere daga sama zuwa ƙasa, tsawon kusan santimita 7. Irin wannan ba a taɓa masa saiti, sai a nemi abin da ya watsa shi. Ina tsaye a gefensa na ga abu biyu. Bindigar tana zamewa baya bayan kowane harbi, har a na huɗu bututun kansa ne ke kan buhu maimakon katakon. Bututu yana rawa lokacin da harsashi ke bi ta cikinsa, in ya jingina da wani abu rawar ta canza, yawanci harbin ya yi sama. Muka manna ɗan tef a katakon don kowane harbi ya koma wuri ɗaya a kan buhu. Na biyu, yana ɗaga kai ya leƙa takarda da zarar ya ja kunama, in ya dawo kuncinsa ba ya sauka inda yake a da.

Sai maganar ido, wadda ita ce zuciyar harbi da saitin ƙarfe. Abu uku ne a jere, tsaga, tsinke da allo, ido kuwa ɗaya kawai yake iya gani tar a lokaci guda. Tsinken ake ba wa. Allo ya yi dishi-dishi, tsagar ma ta ɗan yi, ba komai. Kan tsinken ya yi daidai da kafaɗun tsagar, hasken da ke hagunsa ya yi daidai da na damansa. Lissafi ne ya sa haka. A bindiga mai tazarar milimita 520, in tsinken ya kauce rabin milimita cikin tsaga, harsashi ya kauce kusan santimita 5 a mita 50. In kuwa saitin yana daidai da juna, hannu ne ya ɗan yi rawa a kan allo da santimita 1, kuskuren santimita 1 ne kawai. Wanda ya zuba wa allo ido ya bar babban kuskure yana gadin ƙarami. Yawancin waɗanda suka haura arba'in za su ga tsagar ta fara yi musu hazo; irinsu saiti mai ɗan rami a baya ya fi yi musu sauƙi, domin ramin yana ƙara wa ido kaifi.

Sauran an san su: a saki numfashi, a tsaya inda ya tsaya da kansa, a matsa kunama a hankali kai tsaye zuwa baya. In an kai daƙiƙa bakwai ko takwas harbi bai fita ba, a sassauta a sake numfashi, don ido ya fara gajiya. Bayan ƙarar a ci gaba da kallon tsinken na ɗan lokaci. Bindigar kuma ta tsaya a miƙe; in ta karkata dama, harsashi dama zai yi ya kuma ɗan sauka.

Biyar na gaba suka taru cikin santimita 2. Na sa ya ƙara wasu biyar a sabuwar takarda, suka faɗa wuri ɗaya da waɗancan. Yanzu akwai abin aunawa. Jami'i ya tsayar da harbi, aka cire sakata, aka ajiye bindiga baki na kallon tudu, kowa ya ja da baya daga tebur, sannan muka je allo.

Na ja layi a tsaye da ya ratsa tsakiyar da'irar, da wani a kwance da ya shafi gindinta. Na auna nisan tsakiyar kowane rami daga layin tsaye: 38, 41, 45, 49, 52, duk hagu. Jimla 225, a raba biyar, milimita 45. Daga layin kwance: 22, 27, 30, 33, 38, duk ƙasa. Jimla 150, wato milimita 30. Tsakiyar gungun ke nan, hagu 45, ƙasa 30. Wanda ba ya son lissafi zai iya jan layin da ya bar ramuka biyu a sama biyu a ƙasa, da wani da ya bar biyu hagu biyu dama, inda suka haɗu ya yi kusa da amsar. In akwai ramin da ya fita daban, kuma mai harbi ya faɗa tun kafin a duba cewa ya fizgi kunama a wannan, a cire shi. In bai faɗa ba, a ƙirga da shi.

Ƙa'idar motsawa guda ce, kuma a kanta ake yawan juyewa. Saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma: kana son ya yi dama, tura na baya dama, kana son ya hau, ɗaga na baya. Saitin gaba kishiyar haka ne: in ka tura shi hagu harsashi ya yi dama, in ka rage masa tsawo harsashi ya hau. Nawa za a motsa? Kuskuren da ka auna, sau tazarar saiti, a raba da nisan allo, duka a milimita. Namu: 45 sau 520, a raba da 25,000, ya ba da 0.94. Wato ƙasa da milimita ɗaya kaɗan, zuwa dama. Matashin ya yi mamaki, don a ransa zai tura shi kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu. Da ya yi haka da gungun ya tsallake zuwa dama da fiye da tafin hannu.

Mun kwantar da bindigar a gefenta a kan buhu, ba harsashi ba sakata, shi ya riƙe. Na ja siririn layi da fensir daga gindin saitin zuwa kan bututun, don in ga motsin da idona. Na auna yadda gindin saitin ya fito daga gefen bututun na rubuta. Wasu saitin suna da ɗan noti a sama da ke danne su cikin gurbi. In akwai, a sassauta shi tukuna, in ba haka ba ana bugu yana karce gurbin. Bakin tagullar a gindin saitin ake ɗora shi, wurin da ya shiga gurbi. Farantin mai tsaga ba a taɓa shi, lanƙwashewa yake yi. Bugun kuma na maƙeran fari ne, ba na maƙeran baƙi ba: daga wuyan hannu, ɗaya, a duba, a auna. Na farko da na biyu ba abin da ya motsa, wanda haka aka saba, don tsohon mai da ƙura sun riƙe shi. Haɗarin yana nan, domin mutum yakan ƙara ƙarfi a daidai lokacin da saitin ya saki, sai ya yi tsalle. Ɗigon mai a gefen gurbin da ɗan jira sun fi ƙarin ƙarfi. Da ya saki, layin fensir ya rabu biyu, ma'auni ya nuna milimita ɗaya cif. Na bar shi a nan.

Sama da ƙasa yana da nasa lissafin, saboda harsashi ba a miƙe yake tafiya ba. Bututu yana ƙarƙashin layin ido da wajen santimita 2, yana kuma ɗan kallon sama. Harsashi yana hawa ya ratsa layin, ya yi tudu, ya sauko ya sake haɗuwa da shi. In ana son haɗuwar ta biyu ta zama a mita 50, to a mita 25 mai matsakaicin gudu zai kasance sama da wajen santimita 2. Ke nan daga ƙasa 30 muke son mu koma sama 20, tafiyar milimita 50. Sau 520, a raba da 25,000, ya ba da 1.04. Na auna hawa-hawan ƙarfen da ke ƙarƙashin farantin, kowane hawa a wannan bindigar wajen 0.4 ne. Hawa biyu 0.8, bai kai ba. Hawa uku 1.2, ya ɗan wuce. Muka fara da biyu. Wasu bindigogin, kamar CZ 452, saitin bayansu yana da lambobi daga 25 har 200. A irinsu ana ajiye shi a kan lambar nisan da ake harbi, a yi gyaran da notin da aka tanada, don lambobin su ci gaba da faɗar gaskiya.

Biyar na gaba suka faɗa sama da milimita 8, dama da wajen 4. Lissafi ya fita. Muka matsar da allo mita 50.

A nan yanayin gari ya fara shiga aikin. Mun fara da sassafe, hazon bai yi kauri ba, iska kuma a kwance. Zuwa hantsi ta fara kaɗawa. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture irin wannan harsashin wajen santimita 3 a mita 50, wanda ya fi gyaran da ya rage mana. Mun ɗaura ƙyalle a sanda a tsakiyar fili, ana harbi ne kawai in ya faɗi ya kwanta. Wanda ya daidaita saiti cikin iska, iskar ranar ya daidaita wa, gobe in ta kwanta zai ga ya kauce. Rana ma tana da nata. In ta bugi tsinke daga gefe, gefen yana ƙyalli, ido ya ɗauki ƙyallin a matsayin tsakiya, sai harbi ya gudu ɗaya gefen, nesa da rana. Amfanin hayaƙin kyandir ke nan, kuma in yatsa ya goge shi sai a sake. A bazara kuwa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kawalwalniya tana tashi daga ƙasa ta sa baƙin allo rawa, ya bayyana a inda ba ya nan. In dole ne a yi aikin a watan Afrilu, a gama kafin rana ta ɗaga, kwalin harsashi kuma ya zauna a inuwa, domin wanda ya sha rana gudunsa yana canzawa, man jikinsa kuma ya narke ya kwashi ƙura.

Goma a mita 50 da hawa biyu: gungu mai faɗin santimita 4, tsakiyarsa ƙasa da wajen 2.5, dama da ƙasa da 1. Muka ƙara hawa na uku, wasu goma: sama da wajen 1.5. Babu hawan da ya faɗa daidai, kuma haka irin wannan saitin yake, tunda kowane hawa kusan santimita 4 ne a wannan nisan. Na ba shi shawarar ya zauna a na uku. Ya fi kusa, kuma harsashin da ke faɗa ɗan sama da tsinke ana ganin inda ya faɗa, wanda ke ƙasa kuwa tsinken ne ke rufe shi. Akwai wata hanyar: a koma hawa na biyu, a goge kan tsinken gaba da zarto mai laushi, a rage masa rubu'in milimita. Tana aiki, amma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Ban yarda a yi ta ba sai bindiga ta maimaita wannan sakamakon a ranaku daban-daban da harsashin da mai ita zai zauna a kai.

Ɗan daman da ya rage ma ya so a buga. Na hana. Santimita 1 a mita 50 kashi ɗaya cikin goma na milimita ne a kan saiti, guduma kuwa da wuya ta ba ka wannan ba ta zarce ba. Ƙari a kan haka, gungun kansa santimita 4 ne, kuma tsakiyar harbi goma tana iya matsawa da rabin santimita ko fiye daga wannan gungu zuwa wancan ba tare da an taɓa komai ba. Abin da nake bi shi ne in kaucewar ba ta wuce rubu'in faɗin gungu ba, a bar saiti, a koma gyaran riƙo.

Cikin goman ƙarshe harsashi ɗaya ya ƙi tashi, abin da .22 ta saba. Ba a buɗe sakata nan take. Baki na kallon tudu ake jira daƙiƙa 30, don wani yakan makara ya tashi, sannan a fitar a miƙa wa jami'in fili. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai fita da ƙaramar ƙara, fus, ba a ga rami a takarda ba. A tsaya, a cire sakata, a leƙa bututu, domin mai yiwuwa harsashin ya maƙale a ciki, na bayansa kuma zai kumbura bututun. Haka nan kada a riƙa jan kunamar .22 ba komai a ciki. A yawancinsu allurar tana dukan gefen ɗakin harsashi ta lotsa shi. In ana son gwada yatsa, a sa kwanson da aka riga aka harba.

Da muka gama na ja sabon layi a gindin saitin, wannan karon da ɗan farin fenti, don in ya gota a cikin jaka a gane da kallo ɗaya. A littafinsa ya rubuta irin harsashin da lambar kwalin, hawa na uku, mita 50, gindin da'ira, sama 1.5, da watan da aka yi aikin. Ya ƙara da cewa a mita 100 wannan saitin zai faɗa ƙasa da fiye da santimita 20, don kada ya zaci bindigar ce ta lalace. Muka tattara kwanso, muka wanke hannu da sabulu kafin kowa ya taɓa goro ko kofin shayi, domin irin wannan harsashin .22 dalma ce tsirara kuma tana bin yatsa. In damina ta sauka katakon ya sha danshi, zai sake duba notin, ya harba goma a mita 50, ya gwada da abin da ke rubuce kafin ya ɗauki guduma.